Sati Shida a Alƙahira: Jinyar Gyambon Suga da Iskar Oksijin

Shekaranjiya muka sauka Kano daga Alƙahira, ni da Baffana da na raka jinyar gyambon ciwon suga a ƙafa. Har yanzu shuuu ɗin na'urar iskar oksijin da aka yi masa jinyar a cikinta bai bar kunnena ba.

Wani ɗalibin Azhar, Bakatsine, shi ya tarbe mu, ya sama mana ɗaki a Madinat Nasr, ya yi mana tafinta har muka taho, ko kuɗin mota ya ƙi karɓa. Allah ya saka masa da alheri. Ba don shi ba, da mai karɓar kuɗin asibitin ya wahalar da mu: ko kallon dattijo bai yi ba, balle gaisuwa, sai turo takarda. A gida ko faɗa za a yi, sai an ce sannu Baba. Da muka ce za mu biya kuɗin zama 30 a cikin na'urar gaba ɗaya, aka yi ciniki aka rage mana. Kada ka karɓi farashin farko.

Na'urar kamar tankin mai take a kwance, ƙarfe mai kauri da 'yan tagogi, majinyata na zaune jere kamar a bas, da ma'aikacin jinya tare da su. Iskar da muke shaƙa kullum kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin. A ciki zallarsa ake ba mutum ta takunkumi, bayan an matsa iskar ɗakin ta kai ninki 2.4 na ta waje, daidai da nutsewar mita 14 a teku. Matsin ne ke narkar da oksijin cikin ruwan jini, ya isa naman da jini ke ƙarancin kaiwa.

Kafin zaman farko sai an ɗauki hoton ƙirji, domin wanda iska ta taru a gefen huhunsa ba a cire ba, ba ya shiga ko kusa. Ana duba kunne, ana auna gudun jini a ƙafa. Kowace safiya kuma sai an gwada suga, saboda yakan faɗi a ciki. Ranar da na Baffa ya yi ƙasa, sai da ya ci abinci aka sake gwadawa.

Dokar da ta fi ba mu mamaki ta wuta ce. Babu waya, babu agogo, babu ashana, babu turare, babu bazilin ko man zafi, sai rigar auduga ta asibiti. Mu da ba ma fita sai mun fesa turare! Inda oksijin ya yi yawa, tartsatsi ɗaya ya isa gobara, kuma ƙofar ba ta buɗuwa sai matsin ya sauka.

Minti 10 zuwa 15 na farko su ne wahalar. Ɗakin ya ɗumama, kunne ya toshe kamar lokacin saukar jirgi. Sai haɗiyar yawu, hamma, ko toshe hanci a hura a hankali. Da zafi ya fara, ɗaga hannu a dakata. Dauriya irin tamu a nan fasa dodon kunne take. Mai mura ma a ɗaga masa zaman. Daga nan minti 90 na shaƙa, ana cire takunkumin minti 5 tsakani, don yawan oksijin na iya jawo farfaɗiya. Wajen saukar matsi ɗakin kan yi sanyi, kuma ba a riƙe numfashi.

Kwana biyar a sati haka. Wajen zama na 20 ganin nesa na Baffa ya dusashe; likita ya ce kada a canza tabarau, yakan koma daidai cikin makonni. Bai kuma ɓoye mana ba cewa iskar taimako ce: sai an ci gaba da yanke mataccen nama, da maganin ƙwayoyin cuta, da hana taka ƙafar. Abin da ya tsaya min a rai, da wannan na'urar ake ceto wanda hayaƙin janareta ya sumar, abin da ke kashe iyali guda a ɗaki a garuruwanmu.

Burodi da wake arha, nama tsada. Dalar Giza daga cikin tasi muka hango ta. Gyambon ya tsuke ya yi jan nama, amma bai gama rufewa ba. Gobe da safe za mu kai shi wanki.