Mako na shida da 'yar fomulata: ashe wayar inji ce ke kayar da ni

'Yan uwa masu koyo, rabona da in kawo muku labarin motar nan tun ranar da na gama ɗaura mata bodi. Ba lalaci ba ne, kunya ce. Asabar uku a jere ina zuwa filin kulob ɗinmu a nan Ingila, ina dawowa da karyayyen fiffiken gaba a aljihu.

Ga wanda bai ga na baya ba: 'yar motar tsere ce da ake tuƙawa da rimot, Xray X1, ƙirar wani kamfani na ƙasar Sulobakiya, na saye ta ta hannu. Girmanta ɗaya bisa goma na motar Formula 1 ta gaske, faɗinta bai wuce milimita 190 ba. Batir ɗinta LiPo ne mai gida biyu, wanda ba a cajinsa ya haura bolt 8.4, injin kuwa na lantarki ne mai lamba 21.5T, wato yawan naɗin wayar cikinsa, irin wanda ake amfani da shi a ajin fomula na gasar Euro Touring Series. Tayun baya kaɗai ke ja, kuma injin a kan wani ɗan akwati yake tare da aksul ɗin baya. Akwatin nan ba a manne yake da jikin motar ba, lilo yake yi a kan ƙwallo ɗaya, da sifirin biyu a gefe da shokozoba ɗaya a tsakiya suna riƙe da shi. Ku riƙe wannan, nan gizo ke saƙar.

Matsalar ita ce, duk kwanar hagu, da na fito na ɗan taɓa totur sai gindin motar ya zame, ta juyo tana kallona. A kwanar dama kuwa taurin kai take yi, sai ta buɗe ta nufi katakon gefen hanya. Da farko na ce tayu ne. Na sayi sababbi masu laushi na baya, na shafa musu man riƙo tun daga gefe har gefe, na gaba kuma rabin ciki kawai, kamar yadda na ga manya suna yi. Ta ɗan yi dama-dama na minti biyu, ta koma gidan jiya. Sai na ɗora laifin kan difaransha. Shi kam da gaskiyata kaɗan, domin da na juya taya ɗaya da hannu sai na ji yana ƙaras-ƙaras kamar an zuba masa yashi. Na kwance shi, na wanke 'yan ƙwallayen, na juya zobbansa biyu zuwa fuskar da ba ta ci ba, na sa giris ɗan kaɗan, na ɗaure a hankali har sai da na riƙe tayun biyu na tura babbar giya da babban yatsa ta ƙi zamewa sai da ƙyar. Ya yi santsi, ya daina kukan nan na zamewa idan an tashi. Amma kwanar hagu tana nan daram.

A mako na biyu ne na yi wautar da nake roƙonku kada ku yi. A zama ɗaya na canza sifirin ɗin gaba, na canza man shokozoba, na matsar da batir baya, na kuma rage sitiyari a rimot. Motar ta zama wata daban, ban san wanne ya gyara ba, ban san wanne ya ɓata ba. Dole na mayar da komai yadda takardar saiti ta kamfani ta nuna, tsayin ciki daga ƙasa wajen milimita 4 da rabi, tayun gaba sun ɗan buɗe baki waje kamar digiri ɗaya.

Wani dattijo da teburinsa ke kusa da nawa, wanda ya ce tun zamanin tsohuwar motar rimot Tamiya F103 yake tuƙa irin waɗannan, shi ya gaji da kallona. Ya ce motar da ke zamewa a hannu ɗaya kawai ba taya take nema ba, karkacewa ta yi. Ya ɗora ta kan faranti na gilas, ya danna ta sau biyu ta zauna, ya ciro sulalla biyu daga aljihu ya aza ɗaya a kan kowace tayar gaba, ɗan gaba kaɗan da tsakiya. Sannan ya sa tsinin wuƙa a ƙarƙashin hancin motar, daidai tsakiya, ya ɗaga a hankali. Sulen dama ya faɗi ƙwal, na hagu yana zaune abinsa, sai da hancin ya ƙara tashi sannan ya bi. Ma'ana tayar gaba ta dama da ta baya ta hagu ba su ɗauke da nauyi, sauran biyun ke ɗauke da motar. Wato da na ba ta wuta, tayar baya ta dama ce ke tura ta, ita kuwa hagu za ta kai ta.

Maganinsa a ka'ida mai sauƙi ne: ka ƙara ɗaure sukurun sifirin na gefen da ke kishiyar tayar da ta fara tashi, ka sassauta ɗayan daidai wannan gwargwado, rubu'in zagaye a kowane karo. Muka yi, sulallan suka faɗi tare. Muka danna motar, muka sake gwadawa, sai ga na dama ya sake riga. Dattijon bai ce komai ba, ya cire shokozoba da bututun giris na gefe, mai rage saurin lilon akwatin, ya karkata akwatin baya da yatsa. Hagu yana tafiya sumul, dama sai ya ja ya dawo da kansa. Ya nuna mini wayoyi ukun da suka taso daga na'urar totur zuwa inji. Ni na yi musu dalma da hannuna, kuma don in burge na zaɓi masu kauri, na yanke su gajeru cif don su yi kyau a hoto. Ashe su ne suka zama sifirin na uku, suna jan akwatin gefe guda.

Daren nan na cire su, na sa sirara masu laushi, na bar musu tsawon da za su yi lanƙwasa ta tsakiyar mota. Ba su yi kyan gani ba ko kaɗan. Sulallan kuwa sau biyar ina gwadawa suna faɗuwa tare.

Asabar da ta wuce na yi tseren minti biyar ba tare da mai tsaron kwana, wanda ke gyara wa mota zama in ta kauce, ya taɓa motata ba, karo na farko ke nan. Na zo na biyun ƙarshe, kada ku zaci wani abu. Babbar giya mai haƙori 96 da ƙarama mai 30 nake kai, wato in ka raba 3.2, kuma injin ya sauko da ɗumin da bai kai digiri 60 ba, saboda haka akwai sauran wurin ƙara mata gudu. Sai dai ba zan taɓa giya ba tukuna. Yanzu da gindin ya zauna, na lura hancin yana jinkirin shiga ƙaramar kwanar da ke bayan miƙaƙƙiyar hanya. Wannan makon giris ɗin bututun gefe kawai zan sauya zuwa mai ruwa-ruwa, in yi batir uku a kansa, in rubuta lokutan a littafi. Sulallan dattijo suna cikin akwatin kayan aikina, na manta ban mayar masa ba.