Yadda Kunnena Ya Saba da Faransancin Birnin Liyon

Na zo Faransa da Faransancin takarda, wanda na ɗan koya a Kano kafin tafiya, saboda haka karanta allon tashar jirgi ko takardar haya bai taɓa ba ni wahala ba. Sauraro ne ya gagare ni a watannin farko, domin maganar mutanen Liyon tana zuwa mini a dunƙule, ban san inda wata kalma ta ƙare wata ta fara ba.

A hankali na gane cewa Bafaranshe ba ya raba gaɓoɓin magana bisa iyakar kalmomi. Baƙin da ke ƙarshen kalma sau da yawa ba a furta shi, kamar t na petit ko s na Paris, amma idan kalmar da ke biye ta fara da wasali, wani lokaci sai ya farfaɗo ya manne mata, ya zama farkon sabuwar gaɓa. Shi ya sa les amis ke fitowa le-za-mi. A shagunan unguwar Guillotière, inda nake cefane, na fi ganin wannan a fili. Idan na tambayi mai shago albasa nawa ya sa mini a leda, zai ce sis, wato shida. Idan tumatir shida ne sai ya ce si tomat. Idan kuwa kuɗina Yuro shida ne, sai in ji si-zeu-ro. A rubuce duka six ne.

Nauyin murya ma haka yake. Mu a Hausa kowace gaɓa da karin sautinta, na sama ko na ƙasa ko mai faɗuwa, kuma kalma tana tafe da karinta. Faransanci kuwa yana ɗora nauyin ne a kan gaɓar ƙarshe ta rukunin kalmomi, ana ɗan ja ta, sauran gaɓoɓin su wuce da tsayi kusan ɗaya. Wani maƙwabcina ɗan Damagaram, wanda ya yi boko da Faransanci tun yana yaro, ya ce mini: "Malam, daina farautar kalmomi, ka jira inda murya ta ja, nan ne maganar ta huta." Shawararsa ta fi mini amfani fiye da jadawalin nahawu, ko da yake nahawun ma yana da ranarsa.

Har yanzu ina kiyaye harshena da ɗabi'armu ta rufe kalma da wasali, wadda ta ba mu bokiti da burodi, domin a nan ƙarshen kalma ne ke rarrabe namiji da mace: grand ba a jin d, grande kuwa ana ji. Da na je Marsel na tarar mutanen kudu suna furta wannan e na ƙarshe a fili, kuma Faransancinsu ya fi shiga kunnena fiye da na Liyon.