Makin Katin Bashi da Tafiyar da Na Yi Shekara Uku Ina Biya

Ranar Asabar da ta wuce ɗan ƙanwata ya zo gidana a Bronx, cikin birnin New York na Amurka, tare da matarsa da 'ya'yansu biyu, bayan mun ci abinci mun yi sallar la'asar sai ya matso kusa da ni ya miƙo mini wayarsa yana murmushi. A kan wayar akwai hoton wani katin bashi, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa duk wanda ya buɗe katin ya kashe dala 4,000 cikin wata uku za a ba shi maki 60,000, irin waɗanda ake biyan tikitin jirgi ko otal da su. Ya ce, "Kawu, ni zan buɗe ɗaya, ita ma ta buɗe ɗaya, idan aka rufe makarantu mu kai yara hutu Orlando, jirgi da otal duk kyauta." Na tambaye shi nawa ne kuɗin ruwan katin, sai ya ce bai duba ba, domin ba shi da niyyar barin bashi ya kwana a kai. Gabana ya faɗi, saboda amsar da na ba matata ke nan a 2017, kusan kalma da kalma.

A 2017 ɗin ina da shekara tara rabona da gida. Mahaifiyata tana Kano, ba ta taɓa ganin 'ya'yana uku ba sai a waya, kuma duk lokacin da muka yi magana takan tambayi yaushe zan kawo mata su. Kuɗin jirgi na mutum biyar a watan Disamba ya fi ƙarfina, domin tuƙi nake yi, abin da ke shigowa kuma haya da abinci da aiken gida suke cinyewa. Wani abokin aikina ne ya nuna mini hanyar maki, na zauna da biro da takarda na yi lissafi: kati biyu da sunana, ɗaya da sunan matata, kowanne maki 60,000, idan aka haɗa da makin sayayyar kanta za a kai kusan 200,000. Na ɗauka na gano wata ƙofa da sauran 'yan'uwa ba su gani ba. Ba kwaɗayin yawon shaƙatawa ne ya kai ni ba, wannan ina so a sani, neman albarkar uwa nake yi. Amma kuma na san kyakkyawar niyya ba ta sauya lissafi, kuma banki bai tambaye ni dalilin tafiyata ba ranar da ya fara ɗora mini ruwa.

Matsalar farko ita ce sharaɗin kashe dala 12,000 cikin wata uku a kan katunan nan uku, alhali abin da gidana ke kashewa a shago da gidan mai bai wuce dala 1,500 a wata ba. Mai gidan haya ba ya karɓar kati sai da ƙarin kusan kashi 3 cikin ɗari. Sai na fara sayen abin da da ba zan saya ba: talabijin sabuwa alhali tsohuwar tana aiki, wayoyi biyu, kujerun falo. Da na ga lokaci yana ƙurewa, sai na riƙa bin abokai zuwa shago, idan za su biya in ce su bari in goga katina su ba ni tsabar kuɗi. Ina tara kuɗin a cikin wata ambulan ruwan ƙasa a ƙarƙashin tufafina, da niyyar in kai banki a ƙarshen wata. Ambulan ɗin nan ba ta taɓa kaiwa ƙarshen wata a cike ba. Yau a kira daga gida an kwantar da wani a asibiti, gobe mota ta nemi gyara, jibi a ce an yi haihuwa a gidan wani ɗan'uwa, ni kuma in buɗe ta in zaro ina cewa zan mayar. Kuɗin da ke hannuna na banki ne, amma da yake a ɗakina suke kwana sai zuciyata ta ɗauke su nawa.

Makin sun shigo kamar yadda aka yi alkawari, ban ce an cuce ni a nan ba. Abin da ban sani ba shi ne kujerun da kamfanonin jiragen sama ke warewa domin masu maki 'yan kaɗan ne, kuma a lokacin hutun Disamba, da kowa ke son tafiya, su ne suke fara ƙarewa. Na kwana uku ina duba ranaku har ƙarfe biyun dare, a ƙarshe kujera biyu kacal na samu a rana ɗaya, kowace a kan maki 80,000 zuwa da dawowa, ban da haraji da aka ce sai da kuɗi za a biya. Sauran tikiti uku na saye su dala 1,600 kowanne, na ɗora a kan katin. A nan ya kamata in tsaya, in ɗage tafiyar zuwa lokacin da jirgi ke araha. Amma na riga na gaya wa Hajiya ranar zuwanmu, ta riga ta sa an yi wa ɗakin baƙi fenti, kuma ban ga da wane baki zan kira ta in ce an fasa ba.

Sannan ga tsaraba, wadda maki ba su san da ita ba. Wanda ya yi shekara tara a Amurka ba ya sauka filin jirgin Malam Aminu Kano hannu rabbana. Turare, agogo, takalma, jakunkunan makaranta, waya ga wannan, kwamfuta ga wancan, har akwatuna suka wuce kima na biya kuɗin ƙarin kaya. A Kano kuɗin hannuna suka ƙare cikin kwana goma, sai na je na'urar cire kuɗi na sa katin bashin, ban san cewa cire tsabar kuɗi yana da nasa caji kuma ruwansa yana fara hawa tun daga ranar, babu wa'adin da ake bayarwa a sayayya. Da muka dawo a Janairun 2018 na haɗa takardun katunan uku a kan teburin kicin, jimla ta kama dala 11,000. A lokacin ana canjin dala kusan naira 360 a kasuwar canji ta Wapa a Kano, wato kusan naira miliyan huɗu ke nan.

Duk da haka, idan na tuna ranar da Hajiya ta zaunar da autata a cinyarta a tsakar gida tana ɓare mata gyaɗa, yarinyar tana ƙoƙarin maimaita Hausar da ake koya mata, sai in kasa cewa na yi nadama. Allah Ya yi mata rasuwa a 2019, kuma da na tsaya tara kuɗi a hankali wataƙila da ba su gana ba. Nakan riƙe wannan hujjar idan abin ya dame ni. Sai dai akwai gaskiyar da ke biye da ita, wadda na daɗe ina kauce wa: lokacin da ta kwanta jinya ban iya aika abin da ya kamata ba, kuma ban samu zuwa jana'izarta ba, domin katunan a cike suke, babu inda zan ɗora tikiti. Bashin da ya kai ni wurinta shi ne ya hana ni komawa.

Ruwan katunana kashi 24 cikin ɗari ne a shekara, wato dala 220 a wata kafin a taɓa uwar kuɗin. Ina biyan kusan dala 400 kowane wata, rabi da ɗoriya yana tafiya a ruwa a farkon lamari, kuma ban sauke nauyin ba sai cikin azumin 2021. Da na lissafa, ruwan da na biya ya haura dala 5,000, ban da dala 95 na kuɗin shekara a kan kowane kati, alhali tikiti biyun da maki suka saya mini ba su wuce dala 3,200 ba. Garin neman gira na rasa ido. Wata dokar Amurka ta 2009 ta wajabta wa bankuna su rubuta a takardar kowane wata tsawon lokacin da mutum zai ɗauka yana biya idan mafi ƙarancin kuɗin da aka yanka masa kawai yake bayarwa. Akwatin bayanin yana nan a shafin farko, na yi wata da watanni ina tsallake shi da idona.

Abin da ya fi ba ni haushi da yaran yanzu shi ne ba sa tambayar daga ina kyautar take fitowa. Sun kalli wani a TikTok cikin daƙiƙa talatin yana kwance a kujerar alfarma ta jirgi, shi ke nan magana ta ƙare, duk wanda ya yi musu tambaya ya zama ɗan tsohon yayi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk lokacin da aka goga kati, mai shago yana biyan kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na cinikin, shi kuma ya mayar da shi kan farashin kaya. Sauran kuɗin yana fitowa daga ruwan da irina suke biya. Bashin katunan mutanen Amurka ya haura dala tiriliyan ɗaya a 2023, matsakaicin ruwa kuma ya wuce kashi 20 cikin ɗari, alhali maki ɗari a mafi yawan lokuta dala ɗaya suke. A shekarar ne wasu masana tattalin arziki, ciki har da na Babban Bankin Amurka, suka ƙiyasta cewa tsarin maki yana kwashe kusan dala biliyan 15 duk shekara daga aljihun masu ƙaramin ƙarfi da ƙarancin sanin harkar kuɗi zuwa na waɗanda suka fi su. Tun 2001 Drazen Prelec da Duncan Simester na jami'ar MIT suka nuna cewa mutane sun yarda su biya kusan ninki biyu a kan tikitin wasan ƙwallon kwando idan da kati za su biya maimakon tsabar kuɗi. Bankuna sun san wannan halin namu fiye da yadda muka san kanmu, kuma a kansa suka gina garaɓasar.

Na zauna da niyyar rubuta wa ɗan ƙanwata shawarwari goma, amma da na fara sai na ga ba su kai haka ba. Kada ka buɗe katin nan. Idan kuɗin tafiyar ba sa cikin asusunka yau, ba ka da halin tafiyar, kuma maki ba za su ba ka halin ba, domin ba za su saya maka abinci a Orlando ba, ba za su biya kuɗin shiga wuraren wasa na mutum huɗu ba, ba za su yi maka hayar mota ba. Na san akwai waɗanda abin ya yi wa amfani, ina da aboki da ke biyan katinsa tas kowane wata, shekara goma bai taɓa biyan ruwa ba, kuma yana tafiya da maki. A ƙasar nan ma wanda ba shi da tarihin bashi, abin da muke kira kiredit, yana shan wahala wajen neman gidan haya ko mota, saboda haka ba zan ce ka zauna babu kati sam ba. Idan ka nace, ka buɗe ɗaya tak, kada ka sayi ko allura domin cika sharaɗi, kuma ka biya duka kafin wa'adi. Amma ina faɗin wannan ne zuciyata ba ta so, domin kowa yana ganin shi ne abokin nan nawa, ni ma haka na ɗauki kaina.

Akwai kuma maganar da na guje wa a 2017 saboda na san amsarta. Allah Ya halatta ciniki Ya haramta riba, kamar yadda ya zo a aya ta 275 ta Suratul Baƙara. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da aka sharɗanta ruwa a kansa ba, ko da mai shi ya ƙudura biya kafin ruwan ya hau. Wasu malaman da ke zaune a ƙasashen Turawa sun yi sassauci saboda lalura, ga wanda zai biya a kan lokaci. Ka je ka tambayi malaminka da kanka, ka faɗa masa gaskiya cewa domin hutu kake so, ka ji ko zai kira wannan lalura. Ni ban tambaya ba, na yi shekara uku da wata huɗu ina ciyar da riba da gumina, ina istigfari ina biya.

Kada ka yi tafiya da bashi, na faɗa kuma ina nan a kai. Amma idan mahaifiyarka ce ta kira ka, ka tafi, ko da rance za ka nema wurin 'yan'uwa, ka tafi kai kaɗai da jaka ɗaya, ka bar tsaraba, masu magana su yi ta yi. Na san maganganun biyu suna karo da juna, kuma har yau ban iya daidaita su ba. Abin da na sani shi ne Orlando ba uwa ba ce, tana nan baɗi, tana nan baɗin baɗaɗa, kuma ƙaramin ɗanka bai kai shekara huɗu ba, ba zai ma tuna ya je ba.

Kafin su tafi ranar Asabar ɗin na ɗauko masa takardun nan na Janairun 2018, waɗanda na ajiye a cikin ambulan ɗin da na riƙa tara kuɗin abokai, na ce ya karanta shafin farko. Ya duba sama-sama, ya ce, "Kawu, ai ku a lokacinku babu manhajar da ke tuna wa mutum ranar biya." Na ce masa ban taɓa manta ranar biya ba ko sau ɗaya, kuɗin ne babu. Na yi masa tayin ya shiga adashin da muke yi mu goma, dala 300 a wata, in bar masa kwasata ta watan Yuni ya kai yaran da kuɗinsa. Ya ce zai yi shawara da matarsa. Ita ce ta karɓi ambulan ɗin daga hannunsa ta sa a jakarta, ta ce za ta karanta a gida.