Daga Ɗaurin Kai Nake Gane Kwalliyar da Za Ta Karɓi Ido

Duk wadda ta shigo shagona a yi mata kwalliya, kafin ta zauna na riga na yi rabin aikin da kallo. Ina duba ɗaurin kanta, ture-ka-ga-tsiya ne ko ta janyo ɗankwalin ya rufe goshi. Ina duba mayafinta, babba ne da ta lulluɓa ko ɗan siriri da aka saƙala a kafaɗa don fita hakki. Ina jin sallamarta ma, domin akwai wadda sai ka kasa kunne, akwai wadda muryarta ke riga ta shigowa. Bayan an gaisa sai ta ciro waya ta nuna mini hoto daga Instagram ko TikTok: "Anti, irin wannan nake so." Ba na cewa a'a. Sai in tambaye ta inda za ta da kayan da za ta saka, sannan in tambaye ta abin da take sa wa idonta a gida ranar da ba ta da biki.

Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ke yi mini jagora. Macen da tun tasowarta ba ta wuce kwalli ba, idan aka liƙa mata gashin ido na kanti mai tsawo, haka za ta wuni tana ƙifta ido, kai a sunkuye, hannu na kai-komo zuwa fuska. A hoto za ta yi kyau. A wurin taron kuwa kowa zai ga a takure take, ko da bai san dalili ba. Ita kuma wadda ta saba da ƙyalƙyali, idan aka yi mata mai sanyi sai ta kalli madubi ta ce, "Har kin gama?"

Masu hijabi su ne suka fi koya mini aiki. Hijabi yana rufe gashi da kunne da wuya, babu ɗankunne babu sarƙa da za su raba hankalin mai kallo, saboda haka komai aka sa a ido sai ya fito ninki biyu. Shado, wato hodar launi ta fatar ido, wanda zai ɓace a fuskar mai goggoro, a fuskar mai hijabi ihu yake yi. Abin da nake yi musu kaɗan ne amma yana cin lokaci. Nakan ɗaga fatar ido ta sama da ɗan yatsa, in bi gindin gashin ido da baƙin fensir ta ciki, yadda ba za a ga layi ba, sai dai a ga gashin ya yi kauri. Sai in ɗauki shado ruwan ƙasa marar sheƙi, wanda ya ɗan fi fatarta duhu, in baje shi a ninkin fatar ido da buroshi mai laushi har sai an rasa inda ya fara da inda ya ƙare. Gira a taje ta sama, a cike inda gashi ya yi ƙaranci. Shi ke nan. Idan ta koma gida aka ce mata "yau kin yi kyau" ba a ce "wa ya yi miki kwalliya" ba, to ta samu abin da ta zo nema.

Mai niƙabi tata ta fi wuya. Numfashinta sama yake hawa ta ƙarƙashin ƙyalle, ya haɗu da zafin Kano na watan Afrilu, duk abin da aka zana a ƙasan ido ya narke ya gangaro. Don haka ba na sa mata komai a ƙasa, sai hoda kaɗan ta tsotse maiƙo. Bakin niƙabin kuma yana goge gira, sai in bar girar kusan yadda Allah ya yi ta. Su ne kuma ba sa tashi sai sun tambaya, "Anti, alwala fa?" Ni ba malama ba ce, hukunci na malamai ne. Abin da na sani na sana'ata shi nake faɗa: gam ɗin gashin ido da gazal ɗin da ruwa ba ya wankewa suna yin shimfiɗa a kan fata, kwalli da shadon gari kuwa ruwa na ratsa su. Da yawa sukan zaɓi su yi alwala kafin su zauna, wasu kuma su ce a bar gam ɗin gaba ɗaya.

Ma'aikatan banki da asibiti da malaman makaranta ba su da lokacin dogon zance, minti goma suke da shi da safe, kuma yawanci koyo suke zuwa yi. Abu ɗaya nake tsayawa a kai idan mai tabarau ce. Gilashin wadda ba ta ganin nesa yana ƙanƙantar da ido, don haka baƙi a zagaye ido yana ƙara tsuke shi. Gara a sa launi mai ɗan haske a tsakiyar fatar ido, layi a sama kawai. Gilashin wadda ba ta ganin kusa kuwa girmama ido yake yi, ya girmama duk wani kuskure tare da shi, maskarar da ta dunƙule sai ta fito fili. Dogon gashin ido kuma sharar gilashi zai wuni yana yi.

Inda nake sakin hannu shi ne wurin 'yan ƙwalisa, waɗanda tun daga Kantin Kwari suke tunanin yadda leshin zai ɗauki fitilar wurin dina. Da su ake yin yankan fatar ido. Bayan na zuba duhu a ninki, sai in ɗauki ƙaramin buroshi mai faɗi in dangwali konsila, wato man rufe tabo, in ce ta kalli ƙasa, in ɗiga ɗigo ɗaya a tsakiyar fatar, sannan in ce ta buɗe ido ta kalli sama. Inda ɗigon ya bar tabo, nan ne iyakar da zan zana. Daga nan sai in share rabin da'ira tsaf, in danna ƙyalƙyali a kai da yatsa, ba a shafa shi, dannawa ake yi, in ba haka ba kumatu zai sha. Sai jelar gazal, wadda nake ɗauko kusurwarta daga layin ƙasan ido zuwa ƙarshen gira. Launi kuma ba na ɗaukar wanda ya mamaye kayan. Idan atamfar shuɗiya ce da ɗan ratsin ruwan goro, ratsin nake bi. Shuɗi a jiki, shuɗi a kai, shuɗi a ido, mutum ya ɓace a cikin kayansa.

Ranar anko ce ke nuna gaskiyar wannan magana. Ƙawayen amarya su cika ɗaki, yadi ɗaya, launi ɗaya, wani lokaci ma tela ɗaya, kuma babbar ƙawa ta ce a yi musu iri ɗaya don hoto ya tsaru. Nakan yarda da launi ɗaya, amma ba na yarda da nauyi ɗaya. A wani biki a cikin gari an yi ankon kore mai zaren zinare. Wadda ta fi kowa surutu, mai dara-daran idanu, na cika mata zinare har kusurwar hanci, na ja mata jela doguwa. Ƙanwar ango, wadda tun da na shigo take rakuɓe a bakin gado da hijabinta a kan anko, ɗigon zinaren kawai na sa mata a tsakiya, na bi da ruwan ƙasa. Wata mai lumsassun idanu, wadda fatar sama ke rufe ninkin, dole na zana mata komai ido a buɗe, na ɗaga layin sama da inda ninkin gaskiya yake, domin da zarar ta buɗe ido duk aikin da aka yi a ƙasa haɗiye shi ake yi. Babbar ƙawar ta ɗan ɓata rai da farko. Na ce mata, "Ƙanwata, kowa da kiwon da ya karɓe shi." Da suka jeru gaban mai hoto ba ta sake tada maganar ba.

Launin fata yana da nasa hukuncin. Baƙar mace da wankan tarwaɗa, launuka masu zurfi ne nasu: jan ƙarfe, zinare mai duhu, makuba, shunayya, kore irin na ganyen mangwaro. Masu haske sosai, irin ruwan hoda mai fari-fari da azurfa, toka-toka suke komawa a kan baƙar fata sai an yi musu shimfiɗa tukuna, kuma filashar kyamara ba ta rufa asiri. Da can mun sha fama da fayafayan shado da aka yi don fatar Turawa, a faifai guda launi biyu ko uku ne ke amfani. Kamfanonin gida irin su House of Tara da Zaron sun sauƙaƙa mana wannan. Abin da ba wanda ya sauƙaƙa shi ne fatar da man bilicin ya cinye. Fuska ta yi fari, zagayen ido ya yi baƙi, fatar ta yi siriri har jijiya na nunawa, abu kaɗan ya sa ta ja. Irin wannan ba na sa mata gam, ba na murza mata buroshi da ƙarfi, kuma idan na ga fuska a sake nakan faɗa mata gaskiya ta bar man nan.

Iyayen biki kuwa da gargaɗi suke zama. "Yarinya, kada ki mai da ni 'yar tsana, surukaina na wurin." "To Hajiya, in sha Allahu." Fatar ido idan ta manyanta tana saki, ƙyalƙyali yana taruwa a cikin tamoji ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, jelar gazal kuma maimakon ta hau sai ta sunkuya. Hajiya ba ta buƙatar ko ɗaya. Gwal ɗin wuyanta da shaddarta sun riga sun yi magana. Shado marar sheƙi, fensir ruwan ƙasa mai duhu da aka murje bakinsa, maskara shafa ɗaya. Sai batun gira. Akwai waɗanda a zamanin 'yammatancinsu aka aske girar aka maye ta da siririn layin jagira, gashin bai dawo ba. Su sai in zana musu gashi ɗaya-ɗaya da fensir mai tsini. Akwai kuma masu yawa, manya da yara, da ba sa yarda reza ta taɓa girarsu saboda hanin da ya zo a hadisi. Ba na gardama da kowa a kan wannan. Sabulu ko man taje gira ya kwantar da gashin, konsila ta bi ƙasa da sama ta fitar da siffa, ba a cire ko ƙwaya ɗaya ba.

Matan Barno masu lafaya ba sa ba ni wahala. Sun sha dilka, fata na sheƙi da kanta, ƙamshin turaren wuta ya riga su shiga. Kwalli mai kauri ciki da waje, a ɗan ja shi gefe, shi ne ya dace da wannan lulluɓin. Ƙara launuka a kai ɓata lissafi ne.

Amarya ce kaɗai nake ji da mutane uku a kanta: ita, da ƙawayenta, da mai hoto wanda kullum "a ƙara" yake cewa. Ranar dina nakan ba su abin da suke so, gwargwadon abin da amaryar za ta iya ɗauka. Ranar kamu da walima sai in rage. Ranar kai amarya kuwa na san kuka za a sha tun daga faɗan iyaye har cikin mota, don haka ƙasan ido fayau nake barinsa, in ba babbar ƙawa auduga in koya mata ta riƙa dangwalar hawayen daga gefe, kada ta goge. Amarya mai kunya ba ta zama wata daban don an ɗaura mata aure. Idan aka yi mata idon da ba nata ba, dangin ango ma sai sun tambaya ko ita ce.

Akwai waɗanda ke zuwa da tandunsu, musamman tsofaffi, su ce nasu kwallin za a sa. Ina girmama wannan, kwalli gadonmu ne, kuma ismid ya zo a hadisi. Amma ba duk dutsen da ake niƙawa ake sayarwa a Kasuwar Kurmi ko a tallan bakin masallaci aka san abin da ke cikinsa ba, kuma dutsen nan mai walƙiya sau da yawa na dalma ne. A shekarar 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Najeriya. Da aka gwada kwallin da ake sa masa, aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoton a 2012. Dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, kuma jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Shi ya sa idan na je yi wa mai jego kwalliyar suna, kaka ta miƙo mini jaririya ta ce in ɗan zizara mata, nakan ce, "Gwaggo, a yi mini afuwa, ban da ita." Wasu su ji haushi, wasu su tambayi dalili in faɗa musu.

Tsinken kwalli ɗaya kuma ba ya shiga ido biyu a wurina. Lokacin da afolo ke yawo a gari, wadda ta zo da jan ido haƙuri nake ba ta ta koma, ko da ta biya kafin alƙalami, in mayar mata da kuɗinta. Fensir ina fere shi bayan kowace mace, maskara da buroshin yarwa nake ɗiba, kwalbar kuma idan ta yi wata uku da buɗewa sai kwandon shara, ko da saura a ciki.