Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Wuta Ta Ci Dutse

Makon jiya na tsaya a inda na samu aikin yankan furanni a wata gona kusa da Cape Town, a Afirka ta Kudu. To, a nan na san furotiya, wani dangin shuke-shuke masu fure.

Ranar farko da aka miƙo min almakashi, na tsaya ina kallon shukar kamar baƙauye a kasuwar birni. Tsayinta bai wuce ƙirjina ba, ganyenta kauri kamar fata, amma furen babbar cikinsu, wadda suke kira sarkin furotiya, ya kai faɗin faifai. Gefensa ruwan hoda ne, tsakiyarsa fari mai laushi kamar gashin ɗan tsako. Shi ne furen ƙasar tun 1976, har 'yan wasan kurket ɗinsu sunansa suke amsawa. Mu muna shuka ta don sayarwa Turai, amma asalinta 'yar daji ce, a kan duwatsu take fitowa, cikin ƙasa mai yashi wadda ko gero ba zai yarda da ita ba.

Duk Lahadi nakan hau dutsen Silvermine in zauna cikinsu, ina kallon wani tsuntsu mai dogon bindi yana shan zaƙin furen. A nan kaɗai kewar Inna take sakina.

Sai ga Maris na 2015. Wuta ta tashi a dutsen da ke saman unguwar Muizenberg, ta yi kwanaki tana ci har ta gangara unguwar Hout Bay. Daga nesa na ga dutsena ya koma baƙi ƙirin. Wallahi sai da na yi hawaye.

Wata dattijuwa da muke aiki tare, Mama nake ce mata, ta dafa kafaɗata.

"Ɗana, bar kuka. Wasunsu shekaru suke riƙe irinsu a rufe cikin busasshen kai, sai wuta ta bi ta kansu suke sakinsa. Sarkin kuwa kututturensa yana ƙarƙashin ƙasa, da ransa. Jira ruwan hunturu."

A can ruwa da sanyi tare suke zuwa, daga Mayu zuwa Agusta. Da aka sake buɗe wurin na koma, na durƙusa kusa da wani ƙonannen reshe. A gindinsa jajayen tofo ne guda bakwai, na ƙirga su da yatsa.

Ina durƙushe a nan wayata ta yi ƙara. Yaya ne daga Katsina, kuma daga sallamarsa na san ba lafiya ba.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.