Kada babban baburin tsere ya zama mashin ɗinka na farko

Ƙanina, idan ka tara kuɗi kana shirin ɗauko Yamaha R6 ko R1 alhali ba ka taɓa riƙe abin da ya wuce Boxer ba, ka dakata. Kurakuran da zan faɗa maka nan duk na yi su, shi ya sa nake magana da ƙarfi.

Na farko shi ne auna babur da girman inji kawai. Da cc ake auna girman inji, yara kuwa na cewa ai mai cc 600 matsakaici ne, tunda akwai mai 1000. Boxer mai cc 100 ƙarfinsa wajen doki 8 ne. R6 mai cc 599 yana kusa da doki 120, nauyinsa kuma wajen kilo 190. R1 yana kai doki 200. A giya ɗaya tak R6 yana haura kilomita 100 a awa. Abin da ya fi yaudarar mutum shi ne halin injin mai silinda huɗu. Idan injin na juyawa a hankali yana tafiya salun-alun, har ka ce ka gama da shi. Da allurar agogon inji ta haura juyi dubu 10 a minti sai ya zama wani abu dabam, ya fizge ka baya. Jikinka na yin baya hannunka na ƙara murɗa totur ba da saninka ba, babur ya ƙara fizga. Haka ma idan ƙafar gaba ta faɗa rami hannu ya motsa. A kan ƙaramin babur wannan murɗar ƙara kawai za ka ji. A kan babba, ko dai gaba ya tashi sama ko tayar baya ta zame. Maganinsa riƙe tanki da gwiwoyi, sakin kafaɗa, da ajiye tsintsiyar hannu a miƙe, amma wannan sabo ne da jiki ke ɗauka a watanni, kuma gara ya ɗauke shi a kan abin da ke yafe kuskure.

Sai birki, kuma nan ne nake son ka fi natsuwa. Yawancinmu da muka koyi mashin a unguwa an koya mana taka birkin baya da tsoron na gaba, wai yana kifar da mutum. Wannan ɗabi'ar kisa ce a kan baburin tsere. Idan ka ja birki nauyi yana komawa gaba, tayar baya ta yi sakayau, ka taka ta da ƙarfi ta kulle ta fara wutsiya. Kashi 70 cikin ɗari na tsayawa, ko fiye, daga gaba yake zuwa. Amma birkin gaban nan faranti biyu ne manya, yatsu biyu sun ishe shi. Wanda ya firgita ya damƙe shi gaba ɗaya zai kulle taya, kafin ya ankara yana ƙasa. Ana fara matsa shi ne a hankali, a bar gaba ya nutsa taya ta manne da kwalta, sannan a ƙara ƙarfi. Ka samu fili mai kwalta babu yashi, ka yi ta gwadawa daga gudun 30, sai 40, sai 50, har hannu ya iya shi ba tare da tunani ba.

Ka kuma riƙe lissafin nan. A gudun 120 kana cinye mita 33 a kowace daƙiƙa. Idan ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ta ninka sau huɗu. Akuya, A Daidaita Sahu da ya yi kwana ba sigina, yaro da ya biyo ƙwallo, ba wanda ke tsammanin abin da ya hango can nesa zai iso kansa cikin daƙiƙa uku.

A kwana, babur yana bin inda idonka yake. Ka tsura wa kwalbati ido, kwalbatin za ka je. Ka dubi mafitar kwanar. Kuma da gudu ba a juya kai kamar keke: za ka yi dama, sai ka ɗan tura hannun dama gaba, babur ya kwanta dama. Ka rage gudu kafin ka shiga. Jan birkin gaba da ƙarfi kana kwance, musamman a kan rairayin da iska ke tarawa a gefen titunanmu, yana yawan kayar da sababbi.

A cikin gari ma wahala ce. Kan baburin tsere gajere ne kuma a ƙasa, ba ya juyawa sosai, don haka juyowa a lungu sai ya rinjaye ka ya faɗi, robobin jikinsa su fashe, su kuwa tsada gare su kuma ba a ko'ina ake samu ba. A cunkoso injin yana gasa maka cinya, fankar lagireto tana ta aiki. Tayoyinsa masu laushi ne, suna cinyewa da wuri, kuma injin yana son mai mai kyau, ba na bakin titi ba.

A Tarayyar Turai ɗan shekara 18 ba ya wuce lasisin A2, wanda iyakarsa doki 47. Sai ya yi shekara biyu a kai, ko ya kai 24, sannan a ba shi babba. A ganina wannan ma'aunin daidai ne ko a inda doka ba ta tilasta shi ba. Yamaha R3, Kawasaki Ninja 400, KTM 390 Duke da Honda CB500F duk suna tsakanin doki 40 da 47, kuma kowannensu yana wuce gudun da titunanmu za su ɗauka. Ka nemi mai ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa. Ka yi shekara ɗaya zuwa biyu a kansa, ka ga damina ka ga hunturu.

Kafin kuɗin babur ka ware na kaya: hular kwano mai rufe haɓa da tambarin ECE ko DOT (shaidar gwajin inganci ta Turai ko ta Amurka), safar hannu ta fata, riga mai kariya a gwiwar hannu, kafaɗa da baya, da takalmi mai rufe idon sawu. Zafi ba hujja ba ne, akwai masu raga da iska ke ratsawa.

Idan na hannu za ka saya, ka je da bakanike da ya san irinsa. Ku duba ko mai na tsiyaya a shokazobar gaba, ku duba haƙoran sifaket ko sun lanƙwashe, da ƙarshen hannuwa ko akwai gurzar faɗuwa. A jikin taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar zuwa shida ta riga ta yi tauri ko da zanenta na nan, ka sa kuɗin canza ta a cikin ciniki.