Ƙafa ake kallo, ba riga ba

Ɗinki ne ya kai ni wasan zamiya a kan ƙanƙara. Shagona yana Jekadafari nan Gombe, kuma wata amarya ta matsa mini sai na yi mata rigar da aka jera wa duwatsu daga kafaɗa har ƙugu. Wajen laluben samfuri a YouTube na faɗa kan Yuzuru Hanyu, ɗan Japan ɗin nan da ya ci zinare a gasar Olamfik ta 2014 da ta 2018. Riga na je gani, sai ga ni zaune a gaban keke ina kallon mutum yana sulalawa da baya har datata ta ƙare.

Da farko duk tsallen iri ɗaya ne a idona: ya tashi, ya juya, ya dira, a yi tafi. Daɗin wasan bai shige ni ba sai da na koyi rage gudun bidiyo na zuba wa ƙafa ido. Ƙarfen da ke ƙasan takalmin kaurinsa wajen milimita 4 ne, kuma an ɗan rarake tsakiyarsa, sai ya zama yana da kaifi biyu, na ciki da na waje, ga wasu haƙora a gaba da ake cakawa a ƙanƙara. Tsalle iri 6 ne. Biyu daga ciki, flip da Lutz, sun ba ni wuya, don duka biyun da baya ake tashi, duk kuma sai an caka haƙoran. Bambancin kawai shi ne kaifin da mutum ya jingina a kai: flip na ciki, Lutz na waje. Alƙalai suna sake duba bidiyo, wanda ƙafarsa ta karkace a zaftare masa maki ko da ya dira lafiya. Kwastoma ado take gani, tela kuwa sai ta juya riga ta duba ɗinkin ciki.

Wanda zai fara koyon bambance su, ya fara da tsallen Axel, shi kaɗai ake tashi ana fuskantar gaba, shi ya sa yake da ƙarin rabin juyi. Hanyu ya gwada mai juyi huɗu da rabi a Olamfik ta 2022 ya faɗi, ya ƙare na huɗu. A watan Satumba na shekarar sai wani yaro ɗan Amurka mai shekara 17, Ilia Malinin, ya zama na farko da ya dire shi a gasa. Ban raina yaron ba, amma ni har gobe Hanyu, don shi ko tsakanin tsalle da tsalle ba ya barin kiɗa ya tafi shi kaɗai.

A gida kuwa na sha tsiya. Gasar duniya a watan Maris ake yin ta, daidai lokacin da zafin Gombe ke gasa mutum. Yayana ya same ni a tsakar gida ina fifita, waya a hannu, ya ce, "Ke da ƙanƙarar ma sai kin aika an sayo a leda, me ya haɗa ki da wannan?" Na ce, "Yaya, zauna ka ga wannan matar tukuna." Na nuna masa Surya Bonaly, baƙar fata 'yar Faransa, wadda a Olamfik ta Nagano, a Japan, a 1998 ta yi alkafura da baya ta dira da ƙafa ɗaya, alhali ta san doka ta hana kuma za a rage mata maki. Sai a 2024 aka janye haramcin. Yaya ya ce in mayar masa baya ya sake gani.

Abin da ya fi cinye mini lokaci yanzu shi ne takardar maki. Tun bayan rigimar alƙalanci ta Olamfik ta 2002 aka sauya tsarin, kowane tsalle da kowane juyi na da farashinsa, alƙalai su ƙara ko su rage gwargwadon kyan aikin, faɗuwa kuma a cire maki. Bayan gasa ana saka takardar a intanet, layi-layi. Nakan sauke ta in ajiye, in wutar shago ta ɗauke in buɗe ta gefe da bidiyon ina bi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba kullum nake yarda da alƙalan ba.